Biri Ya Yi Kama da Mutum: Muhawara Kan Gwajin Dodanni da Dangin Ɗan Adam na Dauri

Leburorin kuza ne suka fara tono tsohon tarihin tudun Jos, ba kuma shi suka fita nema ba. Suna wanke laka don tace kuza, sai su riƙa cin karo da wasu duwatsu masu cika tafin hannu, an sassaƙe su gefe da gefe, baki da kaifi, kai da tsini. A Mai Idon Toro, a nan saman Filato, an kwashi irinsu da yawa. Wannan salon sassaƙa ya faro ne a gabashin Afirka kimanin shekara miliyan 1.7 da suka wuce, ya kuma daɗe ana yin sa har zuwa wajen shekara 200,000 baya. Bernard Fagg, wanda ya zo Jos a 1939 a matsayin jami'in mulkin mallaka, ya bi ramukan kuza yana tara kayan da ƙasa ta amayo, da su da kawunan yumɓu na Nok, har aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Kayan aikin suna nan. Hannun da ya sassaƙa su kuwa, ko ƙashi ɗaya nasa ba a tsinta ba.

To wane ne shi? Mutum ne irinmu, ko wani ɗan uwa ne na nesa da ya shuɗe? A yau ɗakunan gwaje-gwaje na duniya suna amsa irin wannan tambaya da DNA, wato bayanin gado da ke ƙunshe cikin ƙwayoyin jikin kowane mai rai. Da wannan hanyar kuma aka tunkari wata tambayar da ta fi jan kunnen jama'a: halittun nan masu gashi, masu tafiya da ƙafa biyu, da mutanen tsaunukan Himalaya ke kira Yeti, Amurkawa ke kira Bigfoot, mu kuma muke da namu a bakin mafarauta da tsofaffi. Wasu na ganin binciken ya cancanci kuɗi da lokaci. Wasu na cewa ɓata lokaci ne, ko ma abin da ya fi haka muni. A ganina tambayoyi biyu ne aka ɗaure a dami ɗaya, kuma hujjar da ta kayar da ɗaya ba ta taɓa ɗayar ba.

Masu cewa a saurari labarin dodanni suna da abin kamawa, kuma bai kamata a yi musu dariya ba. Cewa suke ruwa ba ya tsami banza. Shekaru aru-aru mutanen dazukan Gabon suna ba da labarin wani gabjejen biri mai dukan ƙirji, Turawa suna ɗaukar zancen tatsuniya, sai a 1847 Thomas Savage da Jeffries Wyman suka bayyana gorila ga masana bayan ƙasusuwansa sun shiga hannunsu. Okapi, dabbar dajin Kwango mai dangantaka da raƙumin dawa, sai a 1901 ta shiga littattafan kimiyya, alhali mazauna dajin sun san ta tun kaka da kakanni. Gorilan tsauni ya biyo baya a 1902. A nan gida, gorilan Kuros Riba ya yi shekaru masana na zaton ya ƙare a Nijeriya, har aka sake tabbatar da shi a shekarun 1980. Mafarautan yankin ba su taɓa shakkar yana nan ba. Yau waɗanda suka rage ba su kai 300 ba.

DNA ma ta taɓa tsaya wa wannan ɓangaren. A 1997 Katherine Gonder da abokan aikinta suka tattara gashin da biri mai ganga ke bari a shimfiɗar da yake yi a kan itace, suka gwada, suka gano cewa na Nijeriya da yammacin Kamaru reshe ne mai zaman kansa, dabam da sauran na Afirka. Shi ne wanda ke dajin Gashaka Gumti a Taraba. Babu wanda ya harbe shi ko ya ɗana masa tarko. Silin gashi ya wadatar.

Akwai misalin da ya fi kusa da mu, ko da yake ba biri ba ne. Robert Payne na Jami'ar Mishigan ya daɗe yana nazarin wasu tsuntsaye masu sa ƙwai a sheƙar wasu, waɗanda 'ya'yansu kan tashi suna kwaikwayon kukan tsuntsun da ya rene su. A tudun Jos ya ji ɗayansu yana kwaikwayon kukan da bai dace da na kowane tsuntsu da aka sani ba. Ya bi sawun kukan, a 1998 ya bayyana wani ɗan ƙaramin jan tsuntsu mai zama cikin duwatsu, wanda kimiyya ba ta san da shi ba. Har yanzu ana ganin sa a dajin Amurum kusa da Laminga, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis take tun 2001. Idan sabon tsuntsu zai ɓoye wa masana a bayan garin da ke da jami'a har ƙarshen ƙarni na 20, in ji masu wannan ra'ayi, wa ya isa ya rantse cewa dazukan duniya sun gama faɗin abin da ke cikinsu?

Amsar ɗaya ɓangaren gajera ce, kuma tana da nauyi: an gwada, an gani. Bryan Sykes, masanin gado na Jami'ar Oksfod, ya yi shela ga duk mai riƙe da gashin da yake zaton na irin waɗannan halittu ne ya aiko. A 2014 ya fitar da sakamakon samfuri 30 da suka karantu. Beyar ce, da doki, da saniya, da kerkeci ko kare, da beguwa, da barewa, ɗaya ma gashin mutum ne. Guda biyu daga Himalaya sun ɗan tayar da ƙura don sun yi kama da na wata tsohuwar beyar ƙanƙara, amma da wasu masana suka sake duba lissafin sai ƙurar ta kwanta. A 2017 Charlotte Lindqvist ta Jami'ar Bafalo ta gwada abubuwa 9 da aka adana a gidajen tarihi da wuraren ibada da sunan Yeti, ƙashi da haƙori da fata da gashi da kashi. Takwas na beyar ne, ɗaya na kare. A arewacin Kwango an yi ta yayata labarin manyan birai na dajin Bili masu kashe zaki, har ana cewa ruwa biyu ne tsakanin gorila da biri mai ganga. Gwaji ya nuna biri mai ganga ne na gabashin Afirka da aka riga aka sani.

Mu ma a ƙasar nan mun ga irin haka, tun kafin DNA. Mutanen Borno suna da labarin So, ƙattin da aka ce ɗayansu kan saɓa giwa a kafaɗa, kamar yadda ake faɗa a kan Barbushe na Dala. Da Graham Connah ya haƙa tudun Daima a shekarun 1960, ya sami garuruwa bisa garuruwa, da tukwane, da kaburbura, mutanen ciki kuma tsayinsu na mutane ne. Gatarin aradu da ake tsinta a gona a ce tsawa ce ta jefo shi, gatarin dutse ne da manoman dauri suka goge da hannu. Labarin yakan ɗauko wani abu na gaskiya, a kan hanya ya kumbura.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta lissafin rayuwa. Babbar dabba ba ta wanzuwa ita kaɗai. Kafin jinsi ya kai shekara dubbai yana haihuwa, sai da ɗaruruwan iyaye a kowane zamani, masu ci, masu kashi, masu mutuwa su bar ƙasusuwa. Tsuntsun Amurum bai kai tafin hannu ba, kuma yana kama da danginsa, shi ya sa ya sulale. Gorila kuwa da aka neme shi da gaske an same shi, da ƙoƙon kansa da fatarsa. Yanzu kowane makiyayi da waya mai kyamara a aljihunsa, ana kuma ɗaura na'urorin ɗaukar hoto a jikin itatuwa su kwana suna aiki. A 2020 irinsu suka ɗauko gorilan Kuros Riba da 'ya'yansu a tsaunukan Mbe. Dabbar da ba ta kai 300 ba ta shiga hoto, dodon da ake cewa ya cika nahiyoyi bai shiga ba. A wannan gaɓar masu shakka sun yi rinjaye. Abin da ban yarda da su a kai ba shi ne cewa gwajin asara ce. Kafin a gwada gardama ake yi, bayan an gwada aka sani, kuma aikin Lindqvist ya ƙara haske kan beyar Himalaya da ke gab da ƙarewa. Zancen aljanu kuwa ba na wannan fage ba ne. Na'ura tana auna abin da ke da gashi da jini, gaibu ba ya shiga kwalbar gwaji, kuma duk wanda ya cakuɗa biyun ya zalunci kowannensu.

Abin mamakin shi ne, a shekarun da ake rufe littafin Yeti, a lokacin ne aka buɗe wani wanda ya fi shi girma. A 2010 Svante Pääbo da tawagarsa a Laifzig ta Jamus suka karanta DNA ɗin Niyandatal, wasu mutane masu kaurin ƙashi da tudun gira da suka zauna a Turai da yammacin Asiya har zuwa wajen shekara 40,000 baya. Suka gano cewa mutanen da asalinsu ke wajen Afirka suna ɗauke da kusan kashi 2 cikin ɗari na gadonsu. Ma'ana an haɗu, an haihu. A shekarar dai, daga ɗan guntun ƙashin yatsa na wata yarinya da aka tsinta a kogon Denisoba a Saiberiya, suka gano wata al'umma da babu wanda ya taɓa jin labarinta, wadda ta bar kusan kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari a jinin mutanen Papuwa. Pääbo ya karɓi kyautar Nobel a 2022 saboda wannan aiki.

Nijeriya tana da nata ƙashin a wannan labari. A 1965 Thurstan Shaw na Jami'ar Ibadan ya haƙa wani kogo mai suna Iwo Eleru, kusa da Akure, ya fito da ƙwarangwal ɗin mutum. A 2011 Katerina Harvati da Chris Stringer da wasu suka sake auna ƙoƙon kan. Shekarunsa wajen 13,000 ne, wanda a ma'aunin wannan fanni jiya-jiya ne, amma siffarsa doguwa ce mai kwantaccen goshi, ta fi kama da ta mutanen da suka rayu fiye da shekara 100,000 baya. Sai kuma a 2020 Arun Durvasula da Sriram Sankararaman na Jami'ar Kalifoniya suka duba DNA ɗin mutum 405 daga Yarbawa, da Esan na jihar Edo, da Mende na Saliyo, da mutanen Gambiya. Suka ce tsakanin kashi 2 zuwa 19 cikin ɗari na gadon waɗannan al'ummu ya fito ne daga wani reshe da ya rabu da namu tun kafin Niyandatal su rabu da mu, daga baya ya dawo ya gauraya. Babu ƙashinsa a hannun kowa, shi ya sa masana ke kiransa fatalwa. Duk mai tunani zai so ya haɗa waɗannan abubuwa uku, fatalwar jini da ƙoƙon Iwo Eleru da duwatsun Mai Idon Toro, ya ce ga mutumin.

A nan ne ya kamata a ja linzami. Tazarar da ke tsakanin 2 da 19 ita kanta tana shaida cewa ƙiyasi ne na kwamfuta. A 2023 Aaron Ragsdale da Brenna Henn da Simon Gravel da abokan aikinsu suka fito da wani lissafi a mujallar Nature da ke bayyana alamun ba tare da buƙatar wata baƙuwar halitta ba: al'ummun ɗan Adam na farko a Afirka suna warwatse ne, suna rabuwa suna sake haɗuwa tsawon ɗaruruwan dubban shekaru, wannan kai da komo shi ya bar tabon da ake gani. Har yanzu ba a raba gardamar ba. Abin da zai raba ta shi ne tsohon ƙashi mai DNA, zafin ƙasarmu da damshinta kuwa suna cinye DNA da sauri. Ƙasar yankin Nok ma tsami gare ta, har masu bincike na Jami'ar Farankfot da suka yi shekaru suna haƙa a can tun 2005 sun tarar ƙasusuwa sun narke. Duk wanda ya tsaya a gaban jama'a ya ce an tabbatar Yarbawa ko wasu suna da jinin wata halitta, ya faɗi abin da masu binciken kansu ba su faɗa ba.

Wannan ya kawo mu ga masu adawa na gida, waɗanda damuwarsu ba ta lissafi ba ce. Na farkonsu malamai ne, na masallaci da na coci, domin a wannan batu Musulmin Jos da Kiristocinta bakinsu ɗaya: daga Adamu da Hauwa'u muke, kuma duk ilimin da zai ce kakanmu biri ne ba ma maraba da shi. Ina girmama wannan tsoro, don na san daga imani ya fito. Amma akwai gyara biyu. Masanan ba su ce mutum ya fito daga birin da muke gani a gidan zu ba. Abin da suke cewa shi ne jikin mutum da na biri mai ganga suna komawa ga tushe ɗaya mai nisan shekara miliyan 6 zuwa 7, zamanin ƙoƙon kan Tumai da aka tsinta a hamadar Jurab ta Chadi a 2001. Mai imani yana iya ƙin wannan fassara, amma ya ƙi abin da aka faɗa, kada ya ƙi abin da ba a faɗa ba. Na biyu, Niyandatal ba biri ba ne. Suna hura wuta, suna sassaƙa makami, suna jinyar gurgunsu. Littattafan tafsiri da tarihi na Musulunci, har da na Ibn Kasir, sun kawo zancen halittun da suka zauna a bayan ƙasa kafin Annabi Adamu. Yadda za a daidaita nassi da ƙashi aikin malamai ne masu zurfin karatu, kuma ba za su iya shi ba idan an hana su ganin ƙashin. Ɗalibin da ke karatun likita a Jami'ar Jos zai gamu da wannan bayani ko an so ko an ƙi. Gara ya same shi tare da malamin da ya san zancen, da ya tsince shi shi kaɗai a intanet da tsakar dare.

Adawa ta biyu ta fi ciwo. Baƙar fata ya daɗe ana haɗa shi da biri da sunan kimiyya. A 1906 an ajiye Ota Benga, mutumin Kwango, a ɗakin birai na gidan zu na Bironks a Niyok, jama'a suna zuwa suna kallo. Sassan jikin Sarah Baartman, wata mata 'yar Afirka ta Kudu, sun zauna a gidan tarihi na Faris, sai a 2002 aka mayar da su Afirka ta Kudu aka binne. Har gobe ana jifan 'yan ƙwallonmu da ayaba a filayen Turai. Mai wannan tarihi idan ya ji an ce an sami tsohon jini a Afirka ta Yamma, dole gabansa ya faɗi, domin ya san bakin da labarin zai faɗa. Amsar masu goyon baya ita ce binciken nan shi ne ya karya ƙafar masu wariyar: Turawan da kakanninsu suka zana Niyandatal a matsayin dabba, su ne aka tarar da jininsa a jikinsu, kuma kowane ɗan Adam da ke raye asalinsa Afirka ne. Gaskiya ne. Sai dai na lura da yadda hoton Niyandatal ya sauya a mujallun Turai tun da aka san danginsu ne, aka fara zana shi da tsabta da idon tunani. Ban da tabbacin fatalwar Afirka za ta sami wannan karamcin idan ba mu ne muke ba da labarinta ba. Wannan a wurina dalili ne na shiga fagen, domin ƙauracewarmu ba za ta hana wasu rubutawa ba.

Sai batun amana. Arewa ba ta manta 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara yayin annobar sanƙarau a Kano. Cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙi allurar shan inna a 2003. Duk wanda zai zo ƙauye da sirinji ya ce yana neman labarin kakanni, sai ya amsa tambayoyin da suka halatta: ina za a kai jinin, wa zai ajiye shi, har yaushe, wa zai ci riba? DNA ɗin Yarbawan Ibadan da aka ɗiba a farkon shekarun 2000 don wani babban aikin duniya ta zama ma'aunin da dubban bincike ke amfani da shi, har da na fatalwar nan. Mutanen Ibadan sun ba da yardarsu, amma yawancin digirorin da sunan da aka samu a kai a wasu ƙasashe suka sauka.

Duk waɗannan za a iya faɗarsu a Kano ko Legas. Akwai wata damuwa wadda ta Jos ce ta kanta, kuma ita ce ta fi hana ni barci. A garin nan tambayar wa ya riga wa zuwa ta ci rayuka. Ta ci a Satumban 2001, ta ci a Nuwamban 2008, ta ci a Janairun 2010, ta raba unguwanni har yau akwai inda mutum ba ya kwana idan sunansa bai dace da wurin ba. Takardar indijin tana buɗe ƙofar makaranta da aiki, ko ta rufe. Yanzu a ce gobe wani bincike ya fito da taswirar jinin Birom da Afizere da Anaguta da Hausawa da Fulani, da launuka da kaso-kaso. Kafin masanin ya gama bayanin iyakar sakamakonsa, hoton ya zaga WhatsApp da fassarar da ta dace da fushin kowa. An riga an san cewa wata alamar gado ta layin uba, wadda danginta suke da yawa a Turai da yammacin Asiya, tana da yawa a tsakanin wasu al'ummu masu harsunan Chadi. Ba sai an yi dogon tunani ba kafin a hango yadda ɗan siyasa zai murɗa wannan ya ce ga shaidar baƙunta. Mai cewa a bar kaza cikin gashinta a nan ba matsoraci ba ne, ya ga gawa ne.

Na daɗe ina juya wannan hujja, kuma abin da ya hana ni miƙa wuya gare ta shi ne sakamakon binciken kansa, duk inda aka yi shi da gaskiya. A Shum Laka, wani kogo a tsaunukan Bamenda na Kamaru, wuri mai tsayi da sanyi irin namu, an sami DNA daga yara huɗu, biyu na wajen shekara 8,000 baya, biyu na wajen 3,000. Da aka buga sakamakon a 2020, sai ga shi gadon yaran ya fi kusa da na mafarautan dazukan tsakiyar Afirka, ya yi nisa da na yawancin mutanen da ke zaune a yankin yau suna kiran kansu 'yan ƙasa. Haka aka gani a Birtaniya, inda manoman da suka kafa duwatsun Stonehenge aka maye gurbin mafi yawan gadonsu cikin 'yan ƙarnuka. Ko'ina aka tona, ana tarar da wasu kafin wasu. Harsuna ma sun riga sun faɗi haka: Ngas da Mwaghavul da Ron da Goemai, waɗanda babu mai musun 'yan Filato ne, harsunansu dangin Hausa ne na jini, yayin da Birom da Tarok suke wani gida dabam. Alamar layin uba kuwa kaka ɗaya tak take nunawa. Idan ka koma baya zuriya 10, gurabun kakanninka 1,024 ne. Ilimin da aka fahimce shi sosai yana rushe da'awar tsarkin jini ta kowane ɓangare. Haɗarin yana wurin rabin ilimi, shi kuma rabin ilimi zai shigo ta waya ko mun yi bincike ko ba mu yi ba.

Masu cewa talauci ya fi wannan gaggawa suna da gaskiya a kan jerin buƙatu, kuma ba zan ce a rage kuɗin maganin zazzaɓi a sayi injin karanta ƙashi ba. Amma injin ɗaya ne, gwanintar ma ɗaya ce. Cibiyar da Farfesa Christian Happi ke jagoranta a Jami'ar Redeemer's da ke Ede ita ta tabbatar da shigowar Ebola a 2014, ita ce kuma ta fara karanta ƙwayar korona a Afirka a Maris na 2020. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana nan tun 1924, tana da ma'aikatan da suka san wannan aiki. 'Yan Afirka sun fi kowa bambancin gado a duniya, amma ba su kai kashi 3 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken gado da cututtuka a kansu ba, don haka ana auna magani da jikin wasu a kawo mana. Mun riga mun karɓi gwajin jini kafin aure saboda sikila, limamai da fastoci suna tambayar takardar. Binciken fatalwa bai haɗa da Bahaushe ko ɗaya ba, bai haɗa da kowa daga al'ummu fiye da 40 na jihar Filato ba.

Saboda haka ina tare da masu cewa a yi, amma ba a kan kowane sharaɗi ba. Mutanen San na Afirka ta Kudu sun rubuta nasu ƙa'idojin a 2017, suka ce duk mai son bincike a kansu sai ya bi ta majalisarsu, ya faɗi manufarsa, ya dawo ya gaya musu abin da ya gano. Filato tana buƙatar irin wannan kafin a ɗebi jinin kowa, da sarakuna da malaman addinai biyu a zaune, da yarjejeniyar cewa sakamakon za a fara bayyana shi a nan, da Hausa da harsunan mutanen da abin ya shafa, kafin ya fita jaridun waje. Tsofaffin ƙasusuwa kuma sun fi jini tsada. Inda DNA ta fi daɗewa shi ne wani ƙashi mai tauri na cikin kunne, guda biyu ne kacal a kowane kai, kuma gwajin yana niƙe abin da aka ɗiba. Kogon Rop, wanda Fagg ya haƙa a 1944, Ekpo Eyo ya sake haƙawa a 1964, ya ba da ragowar ƙwarangwal ɗin mutum, abin da ke nuna cewa inuwar duwatsun Filato tana iya adana abin da filin Nok ya cinye. Tun 2017 ma an nuna ana iya samo DNA ɗin mutanen dauri daga ƙasar kogo kawai, ba tare da ƙashi ba. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da Jami'ar Jos za su iya fara aikin da ba ya buƙatar dala: su bi mafarauta da makiyaya da tsofaffin Shere da Riyom da Rop su nuna musu kogunan, a rubuta su, a hana masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai taɓa ƙasar cikinsu, kuma kada a bar ƙashi ya ƙetare iyaka sai da ɗalibinmu a cikin tawagar da za ta gwada shi.